Mai Juyawa Baya

Shekara hamsin Baba Sufana yana gyaran keke a rumfa ɗaya. Tirela ta taɓa kwashe shi da rumfar, ya tashi ya kaɗe riga. Bai taɓa zama a aji ba, amma duk abin da ke da noti a duniya, in ya kalle shi sau ɗaya ya gama karanta shi. Haƙoransa talatin da biyu, babu wanda ya taɓa girgiɗi.

Jikarsa ce matsalar. Shekararta tara, yayyenta suna kiranta Janareta saboda minshari. Baki buɗe take barci, baki buɗe take kallon allo. Likitan hanci ya yi nasa aikin, ya tura su wajen likitar haƙori, ita kuwa ta ce daɗewa ana numfashi da baki ya sa muƙamuƙin sama ya tsuke, haƙoran da ke tahowa ba su da wurin zama. Ta maƙala wa yarinyar wani ƙarfe a ganɗa mai ɗan noti a tsakiya, ta ba uwar siririn makulli, ta ce juyi ɗaya kowace safiya. In wuri bai buɗe ba, sai a cire haƙora biyu masu lafiya.

Cirewar nan ce ta tsaya wa Baba a rai. A zuriyarsa ba a cire haƙori.

Kwana shida da farawa, yarinyar ta biyo rumfa daga makaranta, ta yi masa dariya. Sai ya ga wushirya tsakanin haƙoranta na gaba, inda da babu.

"Zo nan, uwargida. Wa ya tsaga miki baki?"

"Mama ce ke juyawa. Kai dai tsoho, ba ka son ka ga na yi kyau."

Baba bai yi dariya ba. Ya san ƙarfe. In ka ɗaure waya ɗaya a ƙafar keke har ta fara buɗe baki, saura kaɗan ta ɓalle. 'Yarsa, uwar yarinyar, tela ce, zare ta sani, ina ta san noti? Kuma in ya yi magana za a ce tsoho ya fara. Ya ɗauko wayar keke sabuwa, ya goge bakinta da magagari har ta yi daidai ramin notin, ya dafa ta a ruwan zafi, don shi ba ƙazami ba ne.

"Buɗe. Kada ki gaya wa uwarki."

Tun daga ranar, uwa ta juya gaba da safe, kaka ya juya baya da la'asar. Wushirya ta tsaya inda take. Baba yana faci yana waƙa.

Ranar komawa asibiti ya ce shi ma zai je. Likita ta kunna fitila, ta auna, ta sake aunawa, ta dubi takarda.

"Maman yarinya, kina juyawa kuwa?"

"Kullum, likita. Ban tsallake ko rana ɗaya ba."

"Kwana ashirin, amma aikin kwana shida nake gani. In haka za mu tafi, gara mu sa ranar cirewa."

Idon uwar ya ciko. Yarinyar ta yi magana da madubin likita a baki: "Ai sau biyu ma ake juyawa. Da na Kaka."

Likita da uwar suka juyo suka dubi Baba. Da wani ne, da ya nemi ƙofa, amma wanda tirela ba ta kayar ba, likita ba za ta kayar da shi ba. Baba ya zaro wayar keken daga aljihu ya ajiye a tebur.

"Ni ne. Na ga baki yana tsagewa, na sassauta."

"Baba, kai ne ka sa nake zargin hannuna mako biyu?" in ji 'yarsa.

Likita ta ɗauki wayar tana jujjuya ta. "Da me ka auna ramin?"

"Da ido."

"Baya ya fi gaba wuyar juyawa, ka sani? Ni kaina sai na yi dabara." Ta jawo kujera kusa da shi. "Baba, ƙashin sama biyu ne, a tsakiya suka haɗu, kuma a shekarunta haɗin bai ƙanƙare ba. Wushiryar nan ita ce shaidar wuri yana buɗewa. Daga baya za ta rufe da kanta. Amma kowace shekara ƙashi ƙara tauri yake."

Baba ya hau lissafi. Ƙarfe da zafinsa ake lanƙwasa shi, wannan ai karatunsa ne. Ya dubi likita.

"Da kin faɗa min haka tun farko, 'yata, da yanzu an gama. Ba ki nemi masu sana'a ba ne."

Likita ta ba su mako uku. Uwar ta ƙwace wayar, ta miƙa masa makullin asibiti, da sharaɗin tana tsaye a kansa. Kowace safiya kafin ya buɗe rumfa sai ya wanke hannu har gwiwa, ya sa tabarau, ya juya sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. Yarinyar tana kwance tana yi masa gwalo ta gefen makulli.

Da suka koma, likita ta auna sau ɗaya ta ajiye ma'auni.

"Wuri ya samu. Ba za a cire ko ɗaya ba."

Uwar ta sauke ajiyar zuciya. Baba ya sunkuya yana leƙen bakin jikarsa.

"Likita, notin nan zarensa da kyau. In kun gama da shi, kada ku yar."