Ƙofar da Kafinta Ya Yi wa Koci

"Shigo mana, idonsa biyu," in ji matar Koci.

Kafinta ya tura ƙofar ɗakin maƙwabcin nasa. Shi ya yi ƙofar nan shekara shida da suka wuce, ya kuskure awo, ta gaza da yatsa huɗu daga ƙasa. Ranar ya zaci zai sha faɗa. Koci dariya kawai ya yi, ya ce, "Bar ta haka, iska ma ta samu hanya."

Amma ranar da ƙungiyar ƙwallon unguwa ta sha kashi a wasan ƙarshe, bayan Koci, mai horar da su, ya fitar da gwaninsu saura minti goma, muryar Kafinta ta fi ta kowa tashi a bakin fili: "Tsoho ya ruɗe! A kore shi!" Aka kuwa kore shi. Wata takwas ke nan Kafinta na sauya hanya don kunya.

Ga Koci yanzu kwance, ya rame, magunguna jere a bakin taga.

"Yaya, ka yafe mini. Bakina ne ya..."

"To ai gaskiya ka faɗa, canjin nan ban yi daidai ba." Koci ya yi tari, matarsa ta gyara masa matashi. "Na ga yaron yana ɗingishi, na ji masa tsoron ƙafa. Ashe takalmi ne ya matse shi." Ya yi murmushi. "Kai naka kuskuren ni da matata kaɗai muka gani. Nawa kuwa a gaban mutum dubu na yi shi."

"Gobe zan zo in gyara ƙofar nan."

"Kar ka taɓa mini ita. Ta nan nake hango ƙafafun masu zuwa dubiya. Naka na daɗe ina jira."

Kafinta ya riƙe hannunsa.

Washegari da hantsi yana goge katako sai ya ji kuka ta kan katanga. Ya zauna a kan benci, yana salati, yana gode wa Allah da bai ƙara kwana bai je ba.

Bayan mako biyu aka buga wasa. Ƙwallo ta kuɓuce wa golan unguwa ta tsakanin ƙafafu, fili ya kaure da zagi. Kafinta ya tashi, ya zagaya bayan raga, ya ajiye masa gorar ruwa a gindin turke, ya koma ya zauna.