Tsaga Uku a Ƙugun Fiddausi

Shekara talatin da wani abu Gwaggo Suwaibatu tana wanke matan da suka rasu a Unguwar Marke, wani ɗan ƙauye a gefen hanyar Ruwan Godiya, kuma ba a taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a jikin gawa ba. Ba don bakinta mai rufuwa ba ne. Ta taɓa wanke mai unguwa tas a gaban jama'a, ta taɓa bin wani mahauci da muciya har bakin masallaci. Amma wannan amana ce. Abin da likkafani ya rufe, daga ita sai Allah.

Ranar Laraba aka tsinci gawar surukarta Fiddausi, matar ɗanta Gide, a tsakiyar wata gonar dawa. Tun da safe ta fita da 'yarta Zulfa, 'yar shekara shida, ta ce za ta gaida yayarta a Tafoki. Uwar aka samu. Yarinyar kuwa ko takalminta.

Gwaggo da hannunta ta wanke Fiddausi, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Sai washegari 'yan sanda suka iso. Suka tsaya a kan kabari, suka sha ruwa, suka rubuta cewa aikin 'yan bindiga ne, suka tafi. Kwana uku Gide yana zaune da waya a tafin hannu, yana jiran waɗanda suka ɗauke masa 'ya su kira. Ba wanda ya kira.

A rana ta huɗu Gwaggo ta ɗaura ɗamara, ta shiga mota ita kaɗai, ta sauka a ofishin 'yan sanda. Aka nuna mata benci ta ƙi zama, har sai da aka kai ta gaban Sufeto Harisu, wanda ke riƙe da maganar.

"Iya, ki yi haƙuri, muna bincike," in ji shi.

"Binciken mi? Wane ɗan bindiga ne ba ya harbi, ba ya kora shanu, ba ya bugo waya? Jikata tana hannun wani, kai kana nan fanka tana kaɗa ka!"

Sufeto bai yi fushi ba. Idanunsa jajir, kamar wanda ya daɗe bai yi barci ba. Ya ce, "Iya, in gaya miki gaskiya, ni ma ban yarda da abin da aka rubuta ba. Wannan ce mace ta huɗu tun faɗuwar damina. Ɗaya a Yargoje, biyu a wajen Sabuwa, sai taku. Duk kafin mu iso an binne. Ba wanda ya ga jikinsu. To me zan bincika, ƙasa?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ita ta ga jikin. Kwana huɗu ke nan abin yana ci mata rai.

"Akwai mace a gidan nan?" ta tambaya.

Aka kira Sajan Esther, doguwa, mai sanyin murya. Sufeto ya ba su ɗakin.

"Ke 'yar ina ce?" in ji Gwaggo.

"Ƙanƙara, Iya. Mu Kiristoci ne, daga ƙauye."

"Ban tambayi addininki ba. Mace ce ke. Rufe ƙofar."

Da ƙofa ta rufu, Gwaggo ta zauna a ƙasa, ta kalli bango, ta ce a hankali, "Fiddausi, ki yafe mani, don ɗiyarki ne." Sannan ta faɗa. Babu harsashi, babu sara. Shatin igiya ne a wuya. A ƙugu kuma, ta hagu, inda zane ke rufewa, akwai tsaga uku sababbi, an shafa musu baƙin magani, jinin ma bai gama bushewa ba.

"Irin tsagar masu maganin haihuwa ce," in ji Gwaggo. "Ba Tafoki ta nufa ba. Magani ta je nema a ɓoye, ko mijinta bai sani ba. Kin san wa ya tura ta? Ni. Shekara shida ina ce mata, yaushe za ki yi wa Zulfa ƙane. Da wasa nake faɗa, tana dariya. Ashe ba dariya take ba."

Esther ta sauko daga kujera ta zauna kusa da ita a kan siminti. Ta bari tsohuwar ta share fuska da bakin mayafi, sannan ta yi magana.

"Iya, sauran ukun ma wani ya wanke su."

"Ba za su gaya miki ba. Ko duka za ki yi."

"Ke fa, za su gaya miki?"

Da azahar suna Yargoje. Mai wankan gawar garin, Hajiya Nana Aisha, tsohuwa ce tukuf. Tana ganin kaki ta ce ita ba ta san komai ba, a bar ta ta yi sallarta. Gwaggo ta sa Esther ta jira a zaure, ita ta shiga. Suka gaisa, suka tambayi juna lafiyar gwiwa. Gwaggo ba ta yi tambaya ba. Hannu kawai ta kai ƙugunta na hagu, ta ja layi uku da yatsa a kan zane.

Hajiya ta rufe fuska ta fashe da kuka.

"Wata biyu ina ɗauke da shi," in ji ta. "Na ce in na faɗa na tona wa baiwar Allah asiri, ga mijinta, ga dangi."

"Ni na tona wa tawa. Zunubin a kaina. Yarinya ce a hannunsa, Hajiya, ko wankan kanta ba ta iya ba."

Sai Hajiya ta aika aka kira ƙanwar marigayiyar. Da ƙyar ta buɗe baki. Ta ce akwai wani mai magani, baƙo, da koren akwati a bayan babur, yana bin kasuwannin ƙauye, yana shimfiɗa buhu can gefe inda ake ɗaure jakuna. Macen da ta yi masa kukan haihuwa, sai ya ce maganinsa ba a tsaga shi a ƙarƙashin rufi, ta same shi gobe a bayan gari, kuma in ta gaya wa kowa maganin ya karye.

Sufeto Harisu ya jera ranakun da matan huɗu suka mutu. Kowace washegarin cin wata kasuwa. Kasuwar da ke ci gobe kuwa tana wajen Sabuwa.

Ya ce Iya ta koma gida ta jira. Gwaggo ta ce, "Ka san fuskar Zulfa? Hotonta gare ka? To rufe mani baki, ɗan nan."

Da hantsi suka shiga kasuwar, Esther cikin atamfa da mayafi, riƙe da kwando kamar wadda ta rako uwarta cefane. Suka wuce masu barkono, suka wuce masu igiya. A gindin wata tsamiya, bayan jakuna, ga koren akwati. Mutumin ba shi da wata kama ta mugunta, ɗan siriri mai fara'a. Mata uku sun durƙusa a gabansa. A gefensa kuma, cikin sabuwar riga da ta yi mata yawa, ga Zulfa tana miƙa masa kwalabe. Wata daga cikin matan tana shafa kan yarinyar, shi kuma yana cewa, "Ita ma da wannan maganin aka same ta."

Don haka ya bar ta da rai ke nan. Wace mace ce za ta ji tsoron mutumin da ke yawo da 'yarsa?

Gwaggo ta yunƙura. Esther ta damƙe mata wuyan hannu. "Iya, akwai aska a gabansa. Ki bari su Sufeto su zagayo ta baya."

Tun da aka haifi Gwaggo ba ta taɓa jira irin wannan ba. Tana kallon kitson yarinyar ya tsufa, leɓenta ya bushe, tana zaune shiru, ita da ba ta iya zama wuri ɗaya. Gwaggo ta ciji mayafinta don kada sunan ya kuɓuce mata.

Sai ga mutum biyu cikin fararen kaya sun faɗo masa ta baya, suka danne shi a kan buhun. Yana ihu, "'Yata ce! Jama'a, 'yata ce!"

"Zulfa!"

Yarinyar ta ɗaga kai. Ba ta yi gudu ba. Ta taso a hankali, ta zo ta cusa fuska a cikin zanen kakarta. Gwaggo ta kwana tana tanadin zagin da za ta yi wa mutumin nan, amma ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa, ta goya yarinyar, duk girmanta, ta ɗaure da mayafi.

A mota Esther ta sayo musu fura. Zulfa ta sha rabi, ta tsaya.

"Gwaggo, ya ce Inna ta riga ni gida. Na rage mata."

Esther ta juya ta kalli taga. Gwaggo ta karɓi kwanon ta ajiye, ta riƙe ƙananan hannuwan nan biyu a cikin nata.

"Ƙarya ya yi miki, 'yar nan. Innarki ta rasu. Ni na yi mata wanka, na gyara ta da kyau, na sa mata turare. Babanki yana gida, kwana biyar bai ci abinci ba yana jiranki."

Zulfa ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "Ki goya ni kuma."

"A cikin mota? To, zo."