Faifan Baƙin Rago

A cikin mutanen Damagaram da ke zaune a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad babu wanda bai san Harouna direba da haukan faya-fayansa ba. Mutum ne mai shekara hamsin da ɗoriya, furfura ta kama gemu, salla ba ta wuce shi. Amma da zarar ya dawo daga aiki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ya ci ya sha, sai ya jawo garmaho, ya ɗora wani ɗan ƙaramin baƙin faifai, ya toshe kunnuwa da abin ji, ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Abin da yake saurare kuwa kiɗan Turawa ne mai rugugi, wanda su da kansu suke kira kiɗan ƙarfe. Ganguna na dukan ƙirji, jita na kururuwa, mawaƙi na ihu sai ka ce an taka masa ƙafa da mota.

Matarsa Biba ta daina faɗa tuntuni. Sharaɗi ɗaya ta kafa: hotunan da ke jikin kwalayen, masu ƙwarangwal da macizai, ba za su zuba mata ido tana salla ba. Don haka faya-fayan suke zaune cikin kwalin dabino a ƙarƙashin tebur, an lulluɓe su da tsohon zane, guda ɗari da arba'in da uku. Duk ƙanana ne, waƙa ɗaya gaba, ɗaya baya. Harouna ba ya son manyan. Ya ce mutum in zai yi abu ya yi guda ɗaya ya gama shi da kyau. Sunayen mawaƙan bai taɓa iya karantawa ba, don rubutun a harɗe yake kamar ƙaya, sai ya raɗa wa kowane faifai suna da hotonsa: Mai Mujiya, Mai Gatari, Mai Ido Ɗaya.

Guda ɗaya ne ya rasa, kuma shi ne mafarin abin duka. Shekara goma sha huɗu da suka wuce yana tuƙa wani Bature, mutumin ya saka wata waƙa a mota. Kafin ganguna su shigo, sai Harouna ya ji ana dukan uwar maƙera da masaɓa: bugu uku, a huta, bugu uku, a huta. Saura kaɗan ya haye jar wuta. Haka mahaifinsu yake bugu a maƙerarsu ta Zinder, daidai ba ƙari ba ragi. Baturen ya nuna masa kwalin faifan a gida, hoton baƙin rago ne mai jan ido. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Harouna garmaho da faya-fayai ashirin, amma faifan ragon kam, ya tafi da abinsa. Tun daga ranar Harouna yake nema, kasuwar gwanjo, shagunan tsofaffin kaya, hannun ma'aikatan da suke shirin komawa gida. Ya gwada waya ma, ya rubuta baƙin rago, ta kawo masa ragunan layya.

Yana da wa, Hamissou, wanda ya yi shekara ashirin da shida a wani shagon ƙera tagogin gilashi da alminiyam a unguwar Al-Naseem. Su biyu kaɗai suka rage a duniya da suka zauna gaban zugazugin tsohon, kuma dukansu suna Riyad ya rasu. Sau ɗaya Harouna ya taɓa ba shi labarin waƙar, Hamissou ya yi dariya har da hawaye.

"Baba a faifan Bature? Harouna, ka bar guduma ka kama sitiyari, ban ce komai ba. Yanzu kuma hayaniya ta cinye maka kunne."

Harouna bai sake tayar da zancen ba, amma dariyar ta yi masa ciwo, kuma ciwon bai tafi ba. Burinsa ɗaya, ya ɗora wa wansa faifan nan ya ji da kunnensa. Ga shi kuma Hamissou ya gama da Saudiyya, an buga masa huruj niha'i, takardar fita ba dawowa, jirginsa ranar Litinin.

Ran Alhamis wani ɗan Filifin mai gyaran na'urar sanyi a ofishinsu ya turo masa hoton kayan da zai sayar kafin ya tafi. A cikin tulin, ga ƙahon rago yana leƙowa. Harouna ya kasa cin abinci. Juma'a da hantsi yana ƙofar mutumin, ya karɓi faifan da hannu biyu, ya zaro shi ya duba a hasken rana, sumul babu ko ƙarzane. Ya kamo hanya yana murmushi shi kaɗai.

A hanya lokacin masallaci ya yi. Nan ya tsaya yana shawara da zuciyarsa. Shiga masallaci da rago mai jan ido a hammata ba zai yiwu ba. A ƙarƙashin kujera kuwa, inda takalma suke takawa, ai abu mai daraja ba a ajiye shi a ƙasa, haka aka raine su. Sai ya naɗe shi da rawani, ya ɗora shi a sama, gaban gilashin mota, wuri mafi mutunci da ya gani. Watan Yuli ne, a Riyad.

Da ya koma mota da zarar an idar da salla, da ƙila abin ya zo da sauƙi. Amma a bakin ƙofa Bachir mai gadi ya riƙe masa hannu. An yi masa haihuwa a gida Maradi, ya yanka abin yanka a nan, 'yan'uwa duk suna ɗakinsa.

"Minti biyar, Malam Harouna. Ka sa albarka kawai."

Kowa ya san minti biyar ɗin mutanenmu. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya, aka kawo shinkafa da nama, aka ɗora shayi na farko, na biyu, na uku. Tashi kafin na uku cin fuska ne. Sai da aka kira la'asar Harouna ya dawo mota. Ƙofar ma da gefen riga ya buɗe ta. Ya warware rawanin, ya zaro faifan, ya tarar ya lanƙwashe ya yi tudu da kwari kamar gurasar da aka manta a tanda.

Ya kai shi gida. Ya ɗora shi a garmaho, allura ta hau tudu ta yi tsalle ta faɗi gefe. Ya zauna a bakin gado da faifan a cinya. Biba ta dube shi ta dubi abin, ba ta yi masa ba'a ba ko kaɗan, abin da ya ƙara nuna masa lamarin ya ɓaci.

Ana haka Hamissou ya yi sallama, ya zo karɓar saƙon da Biba za ta aika wa danginta. Ya ga ƙanensa ya yi zugum.

"Wa ya mutu?"

"Ragonsa ne, Yaya," in ji Biba. "Shekara goma sha huɗu yana nema, yau ya samu, rana ta gasa shi."

Hamissou ya karɓi faifan. Ya ɗaga shi daidai ido ya hango shi ta gefe, yadda yake duba ƙarfen taga ko ya miƙe. Ya danna da babban yatsa, ya shinshina.

"A ina ka ajiye shi?"

"Gaban gilashi, Yaya."

"Ɗan maƙera! Wanda ya girma gaban wuta, bai san abin da zafi yake yi ba." Ya girgiza kai. "Yalla, tashi. Akwai guntayen gilashi a bayan motar shagonmu da na zo da ita. Ɗauko biyu masu kauri, ka wanke su tas."

Suka hau rufin gida da sauran rana. Hamissou ya kwantar da faifan tsakanin gilasai biyu, ya shimfiɗa a inda hasken yake, ya tsuguna. Bai duba agogo ba. Lokaci-lokaci yakan kai bayan hannunsa kusa da gilashin, ya janye, ya ce da saura. Harouna na tsaye yana ganin tudun yana kwanciya a hankali. Can Hamissou ya ce, "Halas, ya isa," ya ɗauke su gaba ɗaya zuwa inuwa, ya sa aka kawo buhun shinkafar Biba aka danne.

"Kada wanda ya taɓa sai gobe. Baba ba ya gaggawar sanyaya abu. Ka tuna ranar da ka tsoma laujen Maiwada a ruwa tun bai ce ba?"

"Ya tsage. Na sha mari."

"To."

Ran Asabar bayan azahar Hamissou ya dawo, wai ya zo ne ya karɓi gilasansa. Aka ɗaga buhu. Faifan ya kwanta, sai ɗan gefe ɗaya da ya rage da alamar tudu. Harouna ya cire abin ji daga garmaho ya haɗa lasifika, abin da bai taɓa yi ba a gidan nan. Biba ta rufe taga don maƙwabta. Harouna ya saukar da allura.

Ƙarar ƙura ta fara fita, sannan masaɓa ta sauka. Uku, a huta. Uku, a huta.

Hamissou ya yatsine fuska. "Wannan ba maƙeri ba ne. Uwar maƙera zalla yake duka, babu ƙarfe a kai. Ba ka ji yadda take tsuwa ba? Da Baba ya ji shi, da ya kore shi daga rumfa."

Harouna ya miƙa hannu zai ɗage allura.

"Bar shi," in ji Hamissou.

Ganguna suka shigo, ɗakin ya cika da rugugi, kofunan shayi na rawa a tire. A ƙarƙashin hayaniyar duka masaɓar tana nan ba ta fasa ba. Harouna ya saci kallon wansa. Hamissou ya rufe ido, hannunsa na dama yana sauka a kan gwiwa sau uku. A wurin hutun kuwa hannun hagu ne yake motsi, yana murɗawa kaɗan, yadda tsohon yake juya ƙarfe da awartaki kafin ya sake bugu. Wannan murɗawar Harouna ya manta da ita sam, sai yanzu da ya gan ta.

Waƙar minti huɗu ce. Ta ƙare, allura na zagaye a banza, babu wanda ya tashi. Hamissou ya share fuska da hularsa.

"Ƙarfen nasu ƙarya ne. Amma hutun nan, na Baba ne. A nan yake juya shi." Ya dubi ƙanensa. "Na yi maka dariya, Harouna. Ka yafe mini."

"Ba komai, Yaya."

Daɗi ya cika Harouna har ya rasa inda zai sa kansa. Ya zare faifan, ya mayar da shi kwalinsa, ya miƙa wa wansa da hannu biyu, ya ce ya tafi da shi gida. Hamissou ya ture hannun.

"In kai shi Zinder in saurara da me, da tukunya? Kuma ranar can ta fi ta nan sauƙi ne? Ajiye abinka a ƙarƙashin tebur, cikin inuwa." Ya gyara zama, ya jawo matashi ya jingina. "Biba, ɗora mana shayi. Kai kuma mayar da shi. Tun daga farko, wurin masaɓar."