Jirgin Pindar a Gidan Takaba

Saude na tankaɗe garin kuka a tsakar gida ta ji ƙugi a kanta kamar zuma ta tashi. Kafin ta ɗaga ido, iska ta kwashe garin ta watsa mata a fuska. Wani abu ne mai fanka huɗu da ido ɗaya a goshi, ya tsaya cak a sama yana kallonta. Ta ja mayafi, ta rarumi muciya.

"Rashida! Zo ki ga abin da ya faɗo mana!"

Ƙanwarta ta fito tana dariya. "Yaya, jirgin masu duba gidaje ne. Ba ke kika hana su shiga ba?"

Ita kuwa ta hana. Tun bayan ambaliya ma'aikata ke bin unguwar Hausari gida-gida, bangon da ya lalace su shafa masa jan fenti a rushe. Da suka iso ƙofarta ta aika musu cewa tana takaba, namiji ba ya shiga. Takabar gaskiya ce, mijinta Malam Abdulmutallib bai daɗe da rasuwa ba. Amma akwai kuma tsagar da ke bangon ɗakinsa, wadda hannu ke shiga, ta rataya babbar rigarsa a kai.

Ta nufi zaure, ta tsaya a bayan labule.

"Kai mai jirgi! Wa ya rene ka? Ko mai gyaran kwano in zai hau sama sai ya yi shela mata su rufe jiki."

"Yi haƙuri, Mama," in ji wata murya daga waje. "Sunana Pindar, injiniya ne. Ai ni ban shigo ba."

"Idonka fa, a ina yake?"

Ta nuna jirgin da muciya, ta ƙara da cewa:

"Fitar da shi. In zai shigo, ya biyo ta ƙofa kamar ɗan mutane."

Haka aka yi. Pindar ya tsaya a bakin zaure ya rangaɗa sallama a madadin jirginsa, Rashida ta amsa tana riƙe ciki, abin ya shigo ƙasa-ƙasa kamar baƙo mai kunya. Ya leƙa madafa, ya leƙa ɗakin Saude, yana juyi a hankali yana haska bango. Yana shiga ɗakin Malam iskarsa ta ɗaga babbar rigar, ta faɗi. Saude ta ruga ta tare tsagar da bayanta, amma ya riga ya gani.

Can Pindar ya miƙo wata faffaɗar waya ta gefen labule. Saude ta ga gidanta ɗungurungum a ciki, Rashida na juya shi da yatsa. Ga buzun Malam, ga carbinsa a ƙusa, ga takalmansa a inda ya bar su. Bangon gabas kuwa ja wur, ya sunkuyo.

"Sauran gidan lafiya lau, Mama. Amma ɗakin nan ba zai ga wata damina ba. Kan naki zai faɗo."

"Shi ya gina shi da hannunsa," ta ce. "Tela ne fa, ba magini ba. Tun yana aza bulo na ce ya karkace, ya ce idona ne."

Ta yi dariya. Ta goge fuska da bakin mayafi.

"Ɗan nan, in an rushe, wannan na cikin waya yana nan?"

"Yana nan. Zan tura wa Anti Rashida, ki shiga ki fita duk sanda kika so."

Ta sake duba ɗakin a cikin wayar. Shatin laka har gwiwa a bango, yanar gizo a kusurwa, tabarma a yamutse.

"To goge wannan," ta ce. "Ka ba ni zuwa la'asar in share, in gyara shimfiɗa. Sai ka sake turo shi."