Gawayi a Falo

Boilar gidan Dakta Sunusi, wato na'urar da ke ɗumama gidan da ruwan wanka, ta zaɓi lokacin mutuwarta kamar da gayya: tsakiyar Janairu, ana gama sunan 'yarsa Inaya. Gidan a Erdington yake, irin tsofaffin gidajen nan na Birmingham masu manne da juna, waɗanda sanyi ke shiga ta ƙasan ƙofa da gefen taga ba sallama.

Mai gyara ya zo, wani Bature mai suna Ethan. Ya leƙa cikin boilar, ya girgiza kai, ya rufe gas ɗin, ya manna mata jar takarda. Ya ce ta gama aiki, sai dai sabuwa. Da ya faɗi kuɗin, sai da Sunusi ya nemi kujera. Ya ce bari ya ji ta bakin wasu masu gyaran tukuna. Ya sayo hitoci biyu na lantarki masu ɗumama ɗaki, ya karɓi aikin ƙarshen mako a wani asibiti a Manchester don ya haɗa kuɗin, ya tafi ya bar mutum uku a gida: matarsa Firdausi, jaririyar, da surukarsa Umma, wadda ta zo daga Kano don jego.

To, Sunusi mutum ne mai kunyar suruka har abin ya so ya yi yawa. Mutumin da ke ba ma'aikata umarni a asibiti da Turanci tar, in ya shigo gaban Umma sai ya durƙusa, ya kafa ido a kafet, muryarsa ta maƙale. Ranar suna, na'urar da ke kuka in iskar ɗaki ta gurɓata ta yi ta ihu saboda turaren wutar Umma. Maimakon ya ce, "Umma, a rage turare," sai bawan Allah ya hau kujera ya cire batirin ya jefa a aljihu. Ita ma Umma gwana ce a wannan fanni. Firdausi 'yar farinta ce, don haka tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko ta yi gyaran murya kawai.

Ranar Asabar bayan azahar ya sami sarari ya kira gida. Wayar ta daɗe tana ringi kafin Firdausi ta ɗauka.

"Kaina ke ciwo tun safe," ta ce, tana jan maganar. "Ga tashin zuciya. Inaya ma sai barci, ta ƙi tashi ta kama nono."

"Kin sha ruwa? Ya zafin jikinta?"

"Lafiya lau... ai yau gidan ya yi ɗumi."

"Ɗumi? Da me?"

Sai ya ji wani abu ya faɗi a kan kafet, sannan takun tafiya a hankali.

"Salamu alaikum," in ji Umma. "Likita ne?"

Gabansa na faɗuwa, amma bakinsa ya bi abin da ya saba. "Umma, ina wuni? Kun wuni lafiya? Ya sanyi?"

"Lafiya ƙalau. Ya aiki? Ya mutanen Manchester ɗin?"

"Alhamdulillahi. Umma, don Allah, ko da wani abu da aka kunna a gidan?"

"Af, ai waɗannan hitocin naku wasan yara ne. In na jona su da butar dafa ruwa sai wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Mai jego ta kwana nawa ba wankan kirki? Sai na ga murhun gashin namanka a bayan gida, da buhun gawayi. Na shigo da shi falo na ɗora tukunya. Wannan ramin da ke jikin bango ma, mai shigo da iska, na toshe shi da tsumma. Yanzu ɗaki ya yi daidai."

Nan take Sunusi ya gane abin da ke faruwa. Ya sha karɓar irin waɗannan mutane a ɗakin gaggawa. Gubar gawayi ba ta da wari, ba a ganinta, barci kawai take sa mutum, kuma jariri take fara ɗauka. Tsakaninsa da gidan nan tafiyar mota ce mai tsawo, ko da hanya a buɗe take. Abin da zai yi musu ihu kuwa, shi da hannunsa ya kashe shi.

Ya yafito wata nas, Shalom, ya rubuta mata adireshin a bayan hannunsa, ya ce ta kira motar asibiti. "Call 999. Carbon monoxide, my wife and baby." Ta zaro wayarta ba tambaya.

"Umma," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "da za a taimaka a buɗe ƙofa, a ɗan fita waje."

"Waje? Da mai jego ɗanya, a wannan sanyin? Haba Likita. In sanyi ya shiga jikinta yanzu, har ta tsufa tana fama. Bari dai ta ɗan yi barci, ni ma kaina ya yi nauyi, zan ɗan kishingiɗa."

Nan ne abin ya tsinke masa.

"Umma! Kar ki kwanta!" Duk wanda ke barandar asibitin sai da ya waiwayo. "Ki tashi tsaye! Gawayin nan kashe ku yake yi! Ki ɗauki Inaya ki buɗe ƙofar titi yanzu, yanzun nan na ce!"

Ya ji numfashinta kawai. A ransa ya ce shi ke nan, ta yi fushi, za ta ajiye wayar.

Sai ya ji ƙarar sakata, da kukan iska, da motar bas tana wucewa.

"Na fito da ita," in ji Umma, muryarta ta sauya. "Jikinta ya saki. Likita, ba ta motsi."

"Ki buɗe mata fuska, ki murza mata baya da kuma tafin ƙafarta. Da ƙarfi! Ki buga wa maƙwabta ƙofa!"

Ya ji bugun ƙofa, ya ji muryar wata mace tana tambaya da Turanci. Can sai wani ɗan siririn kuka ya taso, ya tsaya, ya sake tasowa da ƙarfi. Sunusi ya jingina da bango.

"Ki ba matar nan jaririyar. Ki koma ki jawo Firdausi. Ki riƙe numfashi, kar ki tsaya kashe wuta."

Wayar tana hannun Umma, don haka duk abin da ya biyo baya a kunnensa aka yi. Ya ji ta shiga tana haki. "Ke, tashi. Yarinyar nan, tashi mana." Ba amsa. Ya ji ana jan abu mai nauyi, ya ji Umma ta faɗi, ta sake tashi. Sai wata murya da bai taɓa ji ba ta fashe a wayar.

"Firdausi! Firdausi! Ki tashi, uwarki ce! Firdausi!"

Daga nesa jiniyar motar asibiti ta fara shigowa, wayar ta katse.

Yadda ya kai Birmingham, ko shi ba zai iya faɗa ba. Ya tarar da su a asibiti, a ɗaki ɗaya, kowacce da robar iska a fuska. Inaya tana cikin ɗan gadonta tana wutsil-wutsil da ƙafa. Umma na zaune a kan kujera, ba ɗankwali, gwiwarta ɗaure da bandeji. Ya durƙusa a gabanta, ya kafa ido a ƙasa.

"Umma, ku yafe min. Na ɗaga muku murya."

"Ashe kana da ita," ta ce. "Tashi ka duba iyalinka."

Firdausi ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon uwarta, sannan ta janye robar daga bakinta.

"Umma, na ji kin kira sunana."

Umma ta juya fuska wajen taga. "Mafarki kika yi," ta ce. Amma hannunta yana riƙe da ƙafar 'yarta ta cikin bargo, kuma har likitan ɗakin ya shigo ya fita ba ta sake ta ba.