Hutun Dogo

Ni shara da dafa shayi ne aikina a ofishin masu rubuta manhaja. Tsintsiya na hannu, kunne na wurin mutane.

Shekara shida Dogo bai je hutu ba. Shi ya rubuta manhajar da ke raba wa direbobin kamfani hanya, shi kaɗai kuma ya san kanta. In wani ya taɓa ƙofa a cikinta, sai taga ta faɗo. Matarsa ta rantse in bai kai su ganin tsohuwarsa bana ba, ya nemi mai amsa masa sallama a gida. Sakatariya ce ta faɗa min, ban tambaye ta ba sai sau biyu.

Sai Manaja ya haɗa shi da Mai Gilashi, wata malamar makaranta da ta koyi aikin nan da girmanta. Na rage saurin goge teburinsu.

"Yaya Dogo, wannan lissafin nisan ai na gan shi a sama."

"Kin gan shi."

"Ga shi nan kuma. Ga wani. Har bakwai!"

"Gudun ɓacin rana."

"To wannan da ka sa wa suna 'abu2', mene ne shi?"

Ya sosa ƙeya. "Ƙanen 'abu1' ne."

Ta ce a goge duka a sake sabo, ta fara da goge wani layin manhajar da ta ce ba shi da kan gado. Washegari manhajar ta tura babbar mota ƙarƙashin gadar da ba ta wuce ta. Direban ya kira, abin da ya faɗa ba na rubutawa ba ne.

Daga nan ta yi laushi. Kafin ta taɓa komai sai ta rubuta ɗan gwaji mai tabbatar da abin da wurin ke yi, ta gyara kaɗan, ta gwada, ta sake. Bakwai ɗin nan suka koma ɗaya. Wani sashe mai layi ɗari tara ta yanka shi gunduwa-gunduwa, kowanne da sunan aikinsa. Dogo na gefe yana tuno dalilin kowane karkataccen layi, wani ya tuna, wani ya ce Allah masani.

Na ce, "Wata biyu kuna fama, me ya canza?"

Ta ce, "A waje ba komai, Baaba. Shi ne aikin."

Aka ba Dogo sati biyu. Rana ta huɗu sai ga kiransa, ni ya kira, ba Manaja ba.

"Baaba, layin ofis ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau."

"Ba a neme ni ba?"

"Ko ƙuda."

Can bayansa na ji wata tsohuwa na ƙwala masa kira da sunan yarinta, wai ya ajiye wayar nan ya zo ya matsa mata ƙafa. Ya ce, "Ina zuwa, Inna," ya kashe.

Sunan ba zan rubuta shi nan ba. 'Yan ofis kaɗai na faɗa wa.