Kunyar 'Yar Fari

Zakariyya'u ya gyara wa yarinyar kwanciya a kafaɗarsa, ya kutsa cikin cunkoso ya nufi ƙofar fita. Barci take sharɓa, numfashinta na hura masa wuya da ƙamshin askirim. Ashe haka take da nauyi! To ina zai sani? Tun ranar da aka raɗa wa 'yarsa suna bai taɓa ɗaukarta ba sai yau, yau ɗin ma don ba yadda zai yi ne.

Kada wani ya ce ƙiyayya ce. 'Yar fari ce, kuma a gidansu can Bakori ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka zuba masa ido. Haka ubansa ya yi, haka shi ma ya ɗauko abinsa ya kawo Unguwar Sanusi ta Kaduna. In zai yi mata magana sai "ke", in zai ambace ta sai "yarinyar nan". Amma ƙanenta Sani, ɗan shekara biyu, da zarar Zakariyya'u ya sauko daga tankar man da yake tuƙawa daga matatar mai ta Rido, shi yake fara cillawa sama yana cafewa. Matarsa Larai, haifaffiyar Makera a nan cikin garin, ta yi mita har ta gaji.

"Malam, Kaduna fa muke," takan ce.

"Ko a Makka muke, kunya ado ce," shi ne amsarsa kullum.

A bana Kirsimeti da ƙaramar Salla sun faɗo mako ɗaya. Larai ta yi wa yarinyar alkawarin zuwa filin wasan yara na bakin hanyar Kachia, wanda sabon shugaban ƙaramar hukuma na farar hula ya sa aka yi wa fenti aka sake buɗewa. Sai Sani ya kwana da zazzaɓi. Yarinya kuwa tun safe ta sa koriyar atamfarta mai zanen fanka, ta zauna a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Zaman nan nata shi ya kayar da shi.

A filin, ba masaka tsinke. Ya sa ta a lilo, ya sa ta a dokin ƙarfe mai zagayawa, ya sa ta a ɗan jirgin ƙasa mai tafiyar hawainiya. Duk inda ya sa ta sai ya kau da kai, ya shiga hirar iyaye maza a kan ko 'yan siyasan nan za su kai labari ko sojoji za su dawo. Da rana ta yi sanyi mutane suka baje tabarmi a gindin mangwarori, ana buɗe kuloli, yara na zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ita ma ta lallaɓa gefen tabarmar wata tsohuwa ta kwanta. Ya ce, "Mama, ga yarinya, zan yi la'asar," ya wuce bayan rumfar masu tsire inda ake jam'i. Da ya dawo ya hango koriyar atamfa da kitso mai duwatsu a gindin bishiya, ba babba a kan tabarmar. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ba wanda ya san shi, ya sunkuya ya ɗauka.

Saura kaɗan ya kai ƙofa ihu ya tashi a bayansa.

"Ɓarawo! Ɓarawon yara! Ku tare shi!"

Bawan Allah har da ƙara rungume yarinyar, yana waige-waigen ina ɓarawon yake. Sai ji ya yi an finciko wuyan shaddarsa ta baya. Wata mata ce doguwa da jar hular Kirsimeti, gugguru na zuba daga ledar hannunta, idanunta kamar za su faɗo.

"Sauke min pikin, sauke min 'yata! Ina za ka kai min Jessica?"

"Baiwar Allah, sakar min riga. 'Yata ce."

"'Yarka? Jesus! Jama'a ku ji fa!"

Kafin ƙiftawa da bismilla an yi musu zobe. Kuma wannan ba shekarar wasa ba ce. Tun rikicin farkon shekara, wanda ya sa wasu suka tsallaka kogin Kaduna suka koma arewa, wasu suka tsallako kudu, kowa a garin da ido ɗaya yake barci. Zakariyya'u ya ga yadda samari ke kallon hularsa suna kallon hular matar, ya ga wani ya zaro katako daga jikin benci. Wasu masu kaftani kuma sun fara matsowa ta ɓangarensa ba tare da sun san kan zance ba. Tsoro ya kama shi.

"Wallahi tallahi 'yata ce!" ya ce da ƙarfi. "Ni na kawo ta, ni na saya mata atamfar nan!"

Usur ya tsaga hayaniyar. Mai gadin ƙofa ne, wani tsohon soja gajere mai suna Yohanna, ya ratso yana ture mutane da kulkinsa.

"Kowa ya ja baya! Kai, ajiye katakon nan kafin in ajiye ka. Madam, sake shi. Malam, ba rantsuwa na tambaye ka ba, juyo da fuskar yarinya mu gani."

Zakariyya'u ya juyo da ita. Ya dubi fuskar. Abin da ba zai taɓa iya gaya wa kowa ba shi ne, ko da ya duba ɗin, sai da ya ɗan yi shakka. Goshin kamar shi ne, kamar ba shi ba. Sai da yarinyar ta buɗe ido, ta ga baƙon gemu a kanta, ta tsala ihu tana miƙa hannu, "Mami! Mami!" Ɗan ƙaramin gicciye na azurfa ya zamo daga wuyan rigarta.

Matar ta fizge 'yarta. Shi kuwa ya tsaya da hannuwa a buɗe kamar mai jiran a zuba masa hatsi. Kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi. Sai kuma wani abu da ya fi kunyar ya doke shi a ƙirji.

"Inna lillahi... to ina tawa?"

Wani ya fashe da dariya. Wani ya ce dabara ce, haka suke yi in an kama su. Yohanna ya dube shi sama da ƙasa, ya ga ba dabara ba ce, ya kama hannunsa ya ja shi zuwa 'yar rumfar da ake sanarwa da lasifika. Matar ta biyo su da 'yarta a kwankwaso, ta ce ita Scholastica ba ta barin magana a rabi, sai ta ga ƙarshen wannan.

"Sunan yarinya?" in ji Yohanna.

"Yayar Sani ce."

"Malam, sunanta na ce."

Ya sunkuyar da kai ya faɗa can ƙasa-ƙasa, sai da Yohanna ya kawo kunne kusa.

"Sumayya. To. Shekararta nawa?"

"Huɗu... ko ta shiga biyar."

"Fara ce ko baƙa? Tana da tabo, ko wushirya, ko wani abu da za a gane ta?"

Zakariyya'u ya lalubi kansa, bai samo komai ba sai tsakiyar kanta da yake hangowa in ta durƙusa gaishe shi.

"Tana sanye da irin wannan atamfar," ya ce, yana nuna Jessica.

Scholastica ta tafa hannu. "Oga, buɗe ido ka duba filin nan! Ita ce yayi a bana, daga kasuwar Television har Tudun Wada. Mu mun ɗinka ta Kirsimeti, ku kun ɗinka ta Salla. Kai wane irin uba ne da atamfa kaɗai ka sani a jikin 'yarka?"

Ya duba. Gaskiyarta. A kan lilo, a layin askirim, a bayan uwaye, ko'ina koriyar fanka ce ke yawo.

Yohanna ya yi sanarwa da Hausa, ya yi da Turanci, amma kiɗan da ke tashi daga wajen dokin ƙarfe ya haɗiye muryar. Ba wanda ya zo. Rana ta fara ja, masu tabarmi sun fara naɗewa, ƙofa na ta amayar da mutane zuwa titi, kowace mota ta tashi da yara masu koren kaya a ciki.

"Tsayuwa ba ta kawo yaro," in ji Scholastica. Muryarta ta sauka, ko da yake harara ba ta bar idonta ba. "Wa ka bar wa ita?"

"Wata tsohuwa."

"Yaya take?"

"Ban... ban duba ta sosai ba."

"Chei! Wuce mu je."

Haka suka bi gindin bishiyoyi, ita a gaba, shi a baya kamar ɗan da aka kama da satar nama. Duk yarinyar da ya gani da koren kaya sai ya durƙusa ya leƙa fuskarta, uwaye na janye 'ya'yansu suna tsaki. Mutumin da bai taɓa zuba wa tasa ido ba, ga shi yana ƙare wa 'ya'yan mutane kallo. A ransa kuwa Larai kawai yake gani a tsakar gida tana tambayarsa, kuma ya san ko ƙasa ta tsage ba ta isa ta ɓoye shi ba.

Can bayan tankin ruwa, inda hayaƙin janareta ba ya kaiwa, Scholastica ta ja ta tsaya.

"Mama Martha! Ke ce a nan? Wannan ta wa ce?"

Tsohuwar na zaune da jikokinta, ta janyo tabarmarta zuwa inuwa. A kan cinyarta ga wata yarinya mai koriyar atamfa tana cin cincin, ana ɗaura mata ɗankwali. Yarinyar ta ɗago, ta ga Zakariyya'u, ta yi maza ta sunkuyar da kai, ta ɓoye cincin ɗin a bayanta. Da wannan sunkuyon ya gane ta.

"Alhamdu lillahi! Mama, Allah ya saka da alheri. Ke, tashi mu tafi."

Mama Martha ta sa hannu ta tare yarinyar.

"Tsaya tukuna, ɗana. Yanzun nan aka ce an kama ɓarawon yara a ƙofa, mai farar shadda. Wanda ya bar min yarinyar nan kuwa ko fuskarsa ban gani ba, yana magana yana kallon wani wuri. Amana ce a hannuna, ba zan miƙa ta haka kawai ba." Ta juyo da yarinyar a hankali. "'Yar albarka, dubi mutumin nan da kyau. Babanki ne?"

Mutanen da suka biyo su daga ƙofa suka matso kusa. Yarinyar ta saci kallonsa, ta mayar da ido kan tabarma. Ta girgiza kai.

"Baban Sani ne," ta ce. "Sani yake ɗauka. Ni ba ya kirana."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Scholastica ta kau da kai tana gyara wa 'yarta takalmin da ba abin da ya same shi. Zakariyya'u ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya so ya yi bayani, ya ce al'ada ce, ya ce haka aka yi masa shi ma, amma ya dubi ƙaramar fuskar nan, ga wushirya a tsakanin haƙoranta, ga ɗan tabo a gira wanda bai san ranar da ta samu ba.

Ya tattara shaddar Sallarsa ya durƙusa a ƙasa, a gaban kowa.

"Sumayya," ya ce.

Yarinyar ta waiga bayanta, tana neman mai kiran.

"Sumayya. Ni ne. Zo, Babanki ne."

Ta dubi Mama Martha. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, ta ga hawayen da ya kasa riƙewa, sannan ta ɗan tura ta da yatsa. "Je ki. Naki ne."

Ya ɗaga ta. Ta sandare a hannunsa kamar itace, hannayenta a sama-sama, ba ta san inda ake ajiye su ba. Ya yi wa tsohuwar godiya, ya ba Scholastica haƙuri ba tare da ya iya haɗa ido da ita ba, ya bi ta cikin mutane suna buɗa masa hanya. Sai da suka fita ƙofa, suna jiran motar Unguwar Sanusi a bakin titi, ta kawo bakinta kusa da kunnensa.

"Baba," ta ce a hankali, "in mun kusa gida ka sauke ni. Kar Sani ya gani ya yi kuka."